Katanar maƙerin Japan da katanar masana'antun Sin: amsa ga mai son fara ajiyar takubba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya cewa ya ga takubba irin na Japan, waɗanda ake kira katana, a wurin masu sayarwa ta intanet, wani a kan dala 300, wani kuma ya haura dala 10,000, alhali a hoto kusan kamarsu ɗaya. Yana so ya sani ko wannan tazarar kuɗi tana da tushe a cikin aikin, da kuma wanda ya dace da mai niyyar fara tara takubba don ajiya. Malam, tazarar tana da tushe, amma ba a kan kaifi take ba, domin takobin dala 300 da aka ƙera da gaskiya zai yi yankan da zai ba ka mamaki. Abin da ake biya wa kuɗin shi ne irin ƙarfen, da hannun da ya ƙera shi, da hannun da ya goge shi, da kuma ƙarancinsa a duniya.

Mai tsadar nan, idan na gaske ne, shi ne abin da Japanawa suke kira shinsakuto, wato sabon takobin da maƙeri mai lasisi ya ƙera a cikin Japan bisa tsohuwar hanya. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, sojojin mamaya na Amurka sun hana ƙirar takobi gaba ɗaya, kuma ba a sake buɗe ƙofar ba sai a 1953, bisa sharaɗin cewa takobin kayan fasaha ne, ba makami ba. Daga nan ne dokokin da ake bi har yau suka samo asali: dole mutum ya yi aƙalla shekara 5 yana koyo a ƙarƙashin maƙeri mai lasisi, sannan ya ci jarrabawar hukumar kula da al'adu ta ƙasar, kuma ko bayan ya samu lasisin ba a yarda ya ƙera fiye da dogayen takubba 2 a wata ba, ko gajeru 3. Kowane takobi kuma sai an yi masa rajista a hukumar ilimi ta lardi, an ba shi katinsa da ake kira torokusho. Mai arahar kuwa yawanci daga garin Longquan na lardin Zhejiang a ƙasar Sin yake fitowa, gari ne da ya daɗe da suna a ƙirar takobi, ko kuma daga kamfanoni irin su Hanwei da ke Dalian. A can ana raba aikin tsakanin ma'aikata, inji yana bugun ƙarfe, inji yana gurza shi, kuma babu dokar da ta ƙayyade yawan abin da za a fitar. Japan ba ta yi wa irin waɗannan rajista, don haka ba a ma iya shigar da su ƙasar bisa doka.

Maganar ƙarfe ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, saboda a nan ne 'yan kasuwa suka fi ruɗar masu saye. Maƙerin Japan yana aiki da tamahagane, ƙarfen da ake narkawa daga baƙin yashi mai tama a cikin murhun yumɓu da ake kira tatara. Babban murhun da yake ciyar da mafi yawan maƙeran ƙasar yana Okuizumo a lardin Shimane, ƙungiyar NBTHK mai kula da adana takubban Japan ce ta farfaɗo da shi a 1977, kuma da lokacin sanyi kaɗai ake hura shi. Ana zuba masa kimanin tan 10 na yashin da tan 12 na gawayi, kwana uku dare da rana ba a yanke ba, daga ƙarshe a fasa murhun a jawo wani ƙaton curi da bai wuce tan 3 ba, wanda shi ma wani ɓangarensa ne kawai ya isa a ƙera takobi mai kyau da shi. Wannan ƙarfe yana zuwa da datti, kuma sinadarin kabon ɗin cikinsa bai bazu daidai ba, shi ya sa maƙerin yake ninka shi yana bugawa sau 10 zuwa 15 har ya tace. Ninki 15 yana ba da falle 32,768, kuma sawun waɗannan fallayen ne ake gani a jikin ruwan takobin kamar zanen da ke cikin katako, abin da suke kira hada. Bayan haka sai ya naɗe ƙarfe mai taushi a ciki da mai tauri a waje, domin bakin ya riƙe kaifi, cikin kuma ya shanye bugu.

Masana'antun Sin suna amfani da ƙarfen zamani mai lamba: 1045, 1060, 1095, T10 da 9260. A cikin ukun farko, lambobi biyu na ƙarshe suna nuna yawan kabon, wato 1060 yana da kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, 1095 kuma kimanin kashi 0.95. Gaskiyar da ba kowane mai son takubban Japan yake son ji ba ita ce, wannan ƙarfen ya fi tamahagane tsabta tun daga masana'anta, kuma ba ya buƙatar ninki ko ɗaya. Saboda haka idan ka ga an ƙara maka kuɗi a kan takobin Longquan don wai an ninka ƙarfensa sau dubbai, ka sani ado ne kawai kake saye, kuma idan ninkin bai kama da kyau ba, yana iya barin rata a cikin ƙarfen da za ta zama wurin rauni. Zanen irin waɗannan yakan fito ɓaro-ɓaro, baƙi da fari, saboda an jiƙa shi da asid don ya ja ido, alhali hada na takobin Japan lafiyayye ne, sai ka matso kusa ka karkata takobin kafin ya bayyana. Ni a ganina, takobin T10 ko 1060 da ba a ninka ba ya fi wanda aka yi wa wannan kwalliya mutunci.

Sai hamon, wato farin layin nan mai kama da gajimare da yake bin bakin takobi. Asalinsa shi ne maƙeri ya shafa wa gadon bayan takobin yumɓu mai kauri, bakin kuma ya shafa masa siriri, ya gasa shi har ya kai launin da idonsa ya sani, sannan ya tsoma shi cikin ruwa. Bakin yana hucewa da sauri ya yi tauri ƙwarai, bayan yana hucewa a hankali ya zauna da taushinsa, kuma wannan bambanci ne yake ƙara wa takobin lanƙwasarsa. A nan takubba da yawa suke tsagewa, aikin makonni ya tafi a banza. Masu ƙira na Sin ma suna yin wannan a takubbansu na matsakaicin kuɗi zuwa sama, kuma hamon ɗinsu na gaske ne, sai dai yakan zama layi ɗaya tilo mai maimaita kansa. Na maƙerin Japan kuwa cike yake da motsi a ciki. Ka riƙe shi a ɗaki mai duhu, ka fuskantar da shi ga ƙwan fitila guda ɗaya, ka duba tsawonsa a karkace: za ka ga gefen layin yana haske kamar hazo, wanda suke kira nioi, wani wurin kuma ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, wanda suke kira nie. A kan mafi arahar takubba, hamon ɗin ƙarya ne, da burushin waya aka goga shi ko da asid aka zana shi, kuma alamarsa ita ce tudunsa da gangarensa sun yi daidai wa daida tun daga ƙota har tsini, a gefe biyun duka.

Abin da hoto ya fi ɓoyewa shi ne gogewa. A Japan wannan sana'a ce dabam da ƙira, mai yin ta sunansa togishi, kuma koyonta yakan ɗauki kusan shekara 10. Yana bin takobin da duwatsun washi ɗaya bayan ɗaya, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarshe ya fere duwatsu su yi sirantar takarda ya riƙa murzawa da babban yatsansa, aikin da yake cin makonni a kan takobi ɗaya. Shi ne yake buɗe hada da hamon su fito, kuma shi ne yake tsayar da layukan takobin su miƙe cak. A takobin masana'anta layin da ya ratsa tsawon ruwan yakan yi ɗan kumburi ko ya dushe saboda injin da ya bi ta kansa. Ka duba kuma ɗan gajeren layin da ya raba tsini da sauran jiki, yokote: a takobin ƙwarai kusurwa ce ta gaske inda fuskoki biyu na ƙarfe suka haɗu, a mai araha kuwa sau da yawa karce ne aka yi a gicciye don ya yi kama da ita.

Ƙota da kube su ne inda takubban Sin suka fi faɗuwa, kuma wannan ya shafi lafiyar mai riƙewa, ba kyau kaɗai ba. Ƙotar gargajiya katako ce da aka sassaƙe daidai da wutsiyar wannan takobin shi kaɗai, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga cikin ƙotar, a lulluɓe ta da fatar wani kifin teku mai ƙurajen jiki, a naɗe da zaren alharini, a cusa ƙananan takardu da aka ninke a ƙarƙashin kowane gicciye don naɗin ya tsaya, sannan a kafe ta da ƙusar gora. A masana'anta ana yawan sassaƙa ƙotoci iri ɗaya, a buga su da ƙarfi a kan kowane takobi, wani lokaci katakon ya tsage a ciki ba ka sani ba. Idan takobi ya zo hannunka, ka tura zaren naɗin da babban yatsa. Idan ya motsa, aikin bai yi ba. Ka cire ƙusar ka zare ƙotar ka duba bakinta ko akwai tsaga. Sai dai ka sani, shinsakuto yawanci yana zuwa ne a cikin farin kuben katako marar ado da ake kira shirasaya, wanda don ajiya aka yi shi, kuma idan kana son cikakkiyar ƙota da kube mai fenti, wasu masu sana'ar ne dabam za su yi, da kuɗinsu dabam.

Da ka zare ƙotar, wutsiyar takobin za ta gaya maka sauran labari. Maƙerin Japan yana gyara ta da sawun zarto a tsare, ya sassaƙa sunansa da kurfi a gefe ɗaya, sau da yawa da shekarar ƙira a ɗaya gefen, kuma ana iya gwada sa hannun da sauran ayyukansa da aka sani. Akwai darajoji a cikin maƙeran: wasu sun kai matsayin mukansa, wato an ɗaga su sama da shiga gasa, kamar Yoshihara Yoshindo na Tokyo, wasu ƙalilan kuma gwamnati ta ayyana su a matsayin taskar ƙasa tun suna raye, kamar Miyairi Akihira a 1963 da Amata Akitsugu a 1997. Haɗarin da nake so ka kiyaye yana tsakiya ne, inda ake ɗaukar takobin masana'anta a karce masa rubutun Japananci a wutsiya, a sa masa tsatsar ƙarya, a ce tsohon takobin samurai ne. Takobin da ya fito daga Japan bisa ƙa'ida sai da izinin fitarwa daga hukumar al'adu, kuma a lokacin ne ake mayar da katin rajistarsa, saboda haka mai sayarwa na gaskiya zai iya nuna maka hoton katin ko takardar izinin. Tsofaffin takubba kuma ana neman musu takardar tantancewa ta NBTHK, wadda matakinta na farko shi ne Hozon.

Idan yanka tabarmar da aka naɗe aka jiƙa kake son koya, kamar yadda masu wasan takobi suke yi, na Sin ne naka, musamman 9260 da aka taurara shi gaba ɗaya, domin yana lanƙwasawa ya dawo. Takobin da aka taurara da yumɓu, na Japan ne ko na Sin, idan sara ta karkace yana iya lanƙwashewa ya tsaya a haka, kuma karce ɗaya a kan shinsakuto yana nufin komawa wurin togishi. Akwai kuma iaito, takobin atisaye marar kaifi da ake yi da haɗin alminiyam da tutiya, da yawansu a garin Seki; ƙotarsa takan fi ta takubban Sin kyau, amma ba a wasa shi, mayen ƙarfe ma ba ya kama shi. Wanda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai siririyar sanda da aka liƙa masa a cikin ƙota, kada ka ko kaɗa shi a iska, don yana iya karyewa ruwan ya yi tsalle.

Shawarata gare ka, Malam, ita ce ka fara da takobin T10 guda ɗaya mai hamon na gaske daga mai sayarwar da yake faɗar asalin kayansa ƙarara, ka koyi kwance shi da ɗaure shi da kallonsa a gaban fitila, amma kada ka tara irinsa biyar kana zaton dukiya kake ajiyewa, domin darajarsu sauka take yi da zarar sun bar shago. Kuɗin sauran ka adana su har su isa gajeren takobi na maƙerin Japan, tanto da bai kai santimita 30 ba ko wakizashi mai matsakaicin tsawo, wanda zai nuna maka duk abin da dogon yake da shi a kan kuɗi ƙasa da nasa. Ko wanne ka saya, ƙarfensa yana tsatsa: kada ka taɓa ruwan da hannu, ka shafa masa mai siriri, ka ƙara dubawa da damina, da hunturu kuma ka lura da kuben don bushewar iska tana tsaga katako. Wutsiyar takobin Japan kuwa ba a gurza ta ko da ta yi baƙi, saboda da launinta masana suke gane shekarunsa. Kafin ka tura kuɗi, ka bincika dokar kwastan da ta mallakar makami a ƙasar da kake zaune, domin ƙasashe sun bambanta. Birtaniya, alal misali, tun 2008 ta hana sayar da lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 zuwa sama, sai waɗanda doka ta keɓe, irin waɗanda aka ƙera da hannu bisa hanyar gargajiya.