DAX ko Nabla: wacce ke rage wa likita wahalar rubutu?

Dakta, kin ce asibitin da kike aiki a Amurka zai ɗauki ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sauraron hirar likita da mara lafiya su rubuta bayanin, kina tambaya tsakanin DAX da Nabla wacce za ta raba ki da rubutun dare.

Aikinsu iri ɗaya ne: ki nemi izinin mara lafiya, ki kunna a waya, ku yi magana, ta fito miki da daftari ki gyara ki sa hannu. DAX ta Microsoft ce, ta zo hannunsu da suka sayi kamfanin Nuance a kan dala biliyan 19.7, kuma tun 2025 tana cikin abin da suke kira Dragon Copilot. Nabla kuwa kamfanin Faransa ne, ƙarami idan an gwada shi da Microsoft.

An taɓa gwada su kafaɗa da kafaɗa a asibitocin jami'ar UCLA da ke Kalifoniya, aka buga sakamakon a mujallar NEJM AI a 2025. Likitoci 238 aka raba gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu DAX, masu Nabla, da waɗanda aka bari suna rubutunsu yadda suka saba. Lokacin rubutu ya ragu wa masu Nabla da kashi 9.5 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba komai ba. Na masu DAX kashi 1.7 ne, wanda a lissafin bincike bai kai a kafa hujja da shi ba. To a nan Nabla ce gaba. Amma kada ki yi saurin guɗa: ragin nata wajen sakan 41 ne a kowane rubutu. Ki ga mutum ashirin a yini, ba ki samu ko minti sha biyar ba.

Haka abin yake ko a inda aka fi yabon su. Ƙungiyar likitocin Permanente a Kalifoniya ta ce irin wannan manhaja ta rage wa likitocinta sama da awa 15,700 a ganin marasa lafiya kimanin miliyan 2.5. Lambar da kwarjini, sai na raba da kaina na ga sakan ashirin da 'yan kai ne a kowane zama.

Inda DAX da Nabla suka yi kunnen doki shi ne wajen ƙosawa da aiki. A gwajin UCLA duka biyun sun ɗan sassauta ta, har DAX da ba ta rage lokacin kirki ba. Ni a ganina wannan ne ainihin abin da ake saya. Tun 2016 wani bincike a Amurka ya nuna duk awa ɗaya da likita zai yi da mara lafiya, sai ya yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da takardu. Abin da ke cin rai ba tsawon lokacin kaɗai ba ne. Tsohuwa na zayyana miki sunayen magungunanta, idonki na kan allo, rabin hankalinki na riƙe da abin da za ki rubuta anjima. Wannan nauyin ne manhajar ke sauke miki, ki samu ki kalli fuskarta.

Laifinsu ma ɗaya ne. Sukan tsallake magana, sukan kuma ƙara abin da ba a faɗa ba, kuma hannunki ne a ƙasan rubutun, ba nasu ba. Sannan kunne gare su, ba ido. Idan kin danna cikin mara lafiya kin ji babu tauri, sai kin furta da baki, in ba haka ba wurin zai fito fayau ko ta cike shi da zato.

Da ni ce, abin da zan fara tambayar masu sayen shi ne wacce ce ke zuba rubutun kai tsaye cikin manhajar fayil ɗin asibitinku, Epic ce ko wata. Idan sai kin kwafa kin manna, sakan 41 ɗin nan a hanya zai ƙare.