Raba mutum gida biyu ko haɗiye takobi?

A fadojin hira na Maraɗi samari na yawan tambaya: cikin wasannin rufa ido masu tayar da gashi da ake nunawa a talabijin, wanne ya fi dacewa a koya?

Raba mutum da zarto, wanda aka fara nunawa a Landan a 1921, dabarar akwati ce. Mai kwanciya yakan naɗe ƙafafu cikin rabin akwatin na sama, na jabu ko na mutum na biyu su leƙo ta rabin ƙasa. Kuɗin na tafiya ga kafinta. Matsalar ita ce dandali: kyamara gefe guda take nunawa, amma yaran unguwa za su zagayo bayanka, asiri ya tonu.

Haɗiye takobi kuwa ba rufa ido ba ne. Ƙarfe marar kaifi ke bin maƙogwaro, yana wucewa dab da zuciya. Kayan ba tsada, amma horon na cin shekaru, kuma tari ɗaya na iya huda maƙogwaro, sai tiyata.

Akwati ya dace da mai zauren wasa da amintaccen abokin aiki. Takobi sai mai ƙwararren malami a gefensa.