Darasin hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay: sharhin mutumin Jos

Idan aka tambaye ni ko darasin hawan igiyar ruwa a kan allo da na biya kuɗi na yi a Tarkwa Bay, wani bakin teku a tsibiri a Legas, ya ci kuɗinsa, zan ce ƙwarai ya ci, amma da sharuɗɗa. Tun da hotunan da aka ɗauke ni a wurin suka zagaya 'yan'uwa da abokai a nan Jos ake ta yi mini tambayoyi, wasu da sha'awa, wasu da faɗa, don haka na ga gara in rubuta abin da na gani, mai daɗin da marar daɗin, kowa ya yanke wa kansa hukunci.

Mu mutanen Jos ba mu tashi muna wasa da ruwa ba. Muna zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, kuma ruwan da muka sani shi ne na kududdufan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Ruwa ne mai sanyi, a kwance lif, ba ka ganin ƙasansa, taku biyu daga baki sai ka ji babu abin takawa. Da wuya ka sami unguwar da ba ta da labarin yaron da ya je wanka bai dawo ba. Iyayenmu da suka hana mu kusantar ruwa suna da gaskiya, har gobe ban ga laifinsu ba. Ni sai da na girma na koyi iyo a wurin ninkaya na wani otal, kuma ɗan iyon nan ne ya ba ni ƙarfin halin amsa gayyatar ɗan yayana da ke aiki a Legas, lokacin da wata hidimar biki ta kai ni can a cikin hunturu. Cewa ya yi, "Baffa, ka zo har Ikko ka koma ba ka taɓa teku ba? Akwai wurin da ruwansa ba ya faɗa, ni zan kai ka."

Mota ba ta zuwa Tarkwa Bay. Sai an shiga kwalekwale mai inji daga wajen CMS, ko Falomo, ko ɗaya daga cikin matsayan jiragen ruwa na Victoria Island, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20. Hanyar ita kanta abin kallo ce, domin ta nan manyan jiragen dakon kaya ke bi su shiga tashar Apapa da ta Tin Can, kana cikin ɗan kwalekwalenka kana ɗaga kai sama kana kallon kwantenoni jere a kan juna. A nan ne kuma na fara ganin abin da ban so ba. Mai jirgin da muka fara samu ya cika shi fiye da ƙima, rigunan kariya daga nutsewa da ya miƙo wasu duk maɗaurinsu ya tsinke. Muka sauka muka jira wani. Duk wanda zai je, kada ya ji kunyar yin haka, kuma a yi cinikin zuwa da dawowa tun kafin a taka jirgin, a tsayar da lokacin da zai dawo ɗaukarku.

Dalilin da ya sa ruwan wurin ke da sauƙin hali ba ɓoyayye ba ne. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jibge dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar Legas, don yashi ya daina toshe wa jirage hanya. Tarkwa Bay na cikin lungun da waɗannan duwatsu suka kare, saboda haka kafin igiyar ruwan Atilantika ta iso rairayin, duwatsun sun riga sun karya mata ƙarfi. Katangun nan kuwa su ne suka tare yashin da ke tafiya gabas, har teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, wurin da yanzu aka cike aka gina Eko Atlantic, wanda kana hango dogayen benayensa daga inda kake tsaye. Ka ɗan yi tafiya a ƙasa zuwa ɗaya ɓangaren, wato Lighthouse Beach, za ka ga tekun da babu abin da ya tare ta. Ƙararta kaɗai ta isa ta gaya maka ba wurin ɗan koyo ba ne.

Wanda ya koya mini matashi ne ɗan wurin, a tsibirin ya tashi. Shi ne ainihin abin da na biya kuɗi dominsa, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Bai bar ni na taɓa ruwa ba sai da ya zaunar da ni a kan rairayi muka yi ta kallon teku. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne irin na mai son cika awa, sai ya fara nuna mini abubuwan da idona ba ya gani. Igiyoyin ruwa ba a jere daidai suke zuwa ba, tawaga-tawaga suke zuwa, manya su biyo juna, sannan ruwan ya lafa na ɗan lokaci, kuma a wannan lafawar ake shiga. Ya nuna mini wani zirin ruwa kusa da duwatsu inda babu kumfa, launinsa ya fi duhu, ya yi kwance kamar ya fi ko'ina aminci. Ya ce nan ne ruwan da ya bugi gaɓa yake komawa cikin teku, kuma shi ne ke jan mutane. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa baki kai-tsaye, za ka gaji ne kawai. Ka riƙe allonka, ka yi iyo a kaikaice har ka fita daga zirin, ka ɗaga hannu a gan ka. Wannan bayani kaɗai, wallahi, da za a koya wa kowane Bahaushe da ke zuwa bakin teku yawon sallah a Legas, da an rage kuka a gidaje da yawa.

Sai aka zo kan allo. Na 'yan koyo dogo ne, wajen ƙafa 8, mai faɗi, an lulluɓe shi da soso mai tauri don ko ya buge ka kada ya fasa maka kai. Akwai zaren roba mai kauri da ake ɗaura shi a idon sawun ƙafar da za ta kasance a baya, don kada allon ya tsere maka. A kan yashi aka fara: ka kwanta rubda-ciki, tafin hannu biyu a ƙarƙashin ƙirji, ka ɗago, ka jawo ƙafa ɗaya zuwa tsakiyar allo a motsi guda, ka tsaya a karkace, gwiwa a lanƙwashe, hannu a buɗe. Ya sa na maimaita har gumi ya jiƙe ni. Abin da ya fi nanatawa shi ne ido. Ya ce duk inda ka kalla can za ka tafi, in ka kalli ƙafarka ƙasa za ka, in ka kalli bukkokin da ke bakin gaɓa can allon zai kai ka.

A cikin ruwa bai kai ni inda ya wuce ƙirjina ba. Ɗan koyo ba ya hawan igiyar da ke miƙe, farar kumfar da ta riga ta fashe take gangarowa baki ita ake fara hawa. Yana tsaye a bayana riƙe da wutsiyar allon, yana waiwayen teku, in ya ga wadda ta yi masa sai ya ce in fara tuƙi da hannu, ya tura ni. Jin abin yake kamar ranar da aka fara koya maka keke, wani ya riƙe sirdi ta baya yana gudu da kai, sai can ka lura ya daɗe da saki. Faɗuwa kam an sha ta. In ka matsa gaba da yawa hancin allon ya nutse ka tuntsura, in ka ja baya da yawa igiyar ta wuce ta ƙarƙashinka ta bar ka a wurin. Ya koya mini faɗuwar ma: ka faɗi a shimfiɗe, kada ka yi nutso da ka domin ruwan ba zurfi, ka kare kai da hannu kafin ka ɗago, kuma kada ka taɓa sa allo a tsakaninka da igiyar da ke tahowa, don ita za ta maka maka shi a fuska.

Da na samu na miƙe, tsayuwar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma na ji abin da ban taɓa ji ba. Babu inji, babu feda, ruwa ne kawai ya ɗauke ka yana tafiya da kai a hankali har yashi ya goge ƙasan allon. Ɗan yayana na bakin gaɓa yana ta ihu, "Baffa ya tashi! Baffa ya tashi!" Na yi hamdala a fili, na juya na koma ciki ba tare da kowa ya ce in koma ba. Gani ya kori ji.

Abin da na fi yaba wa malamin nan shi ne haƙuri da kuma rashin ruɗi. Bai yi mini alkawarin zan ƙware a yini ɗaya ba. Da ruwa ya fara cikowa igiyoyin suka ƙara ƙarfi, shi da kansa ya ce mu fito, duk da lokacinmu bai gama cika ba, ya ce za mu ƙarasa in ya lafa. Muna zaune muna hutawa na ga yaran tsibirin, wasu ba su wuce shekara goma ba, suna hawa can kusa da duwatsu inda igiyar ke bugun katanga ta dawo ta haɗu da ta bayanta ta yi tsiri. Suna yanka ruwa, suna juyawa, a kan allunan da duk an sha yi musu faci. Wasan nan ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021, kuma ina kallon yaran nan ina jin takaicin yadda ba a san da su ba a ƙasarsu. A nan ne kuma ya ba ni labarin watan Janairun 2020, lokacin da sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, hukuma na cewa saboda masu fasa bututun mai ne a yankin, da yake ma'ajiyar man Atlas Cove na nan kusa. Dubban mutane suka rasa matsuguni. Ya faɗi abin a taƙaice, bai nemi tausayina ba, amma tun daga nan na daina yi wa kuɗin darasin kallon tsada.

Wurin kansa yana da nasa aibu, kuma ba zan rufe ba. Ruwa na kawo robobi da ledoji daga cikin gari ya zube su a baki, akwai safiyar da sai an share kafin a shimfiɗa tabarma. Wurin canza kaya da banɗaki ba su kai yadda mai iyali zai so ba. Kusan komai sai ka biya daban, shiga da kujera da rumfa, kuma farashin na iya canzawa gwargwadon yadda aka kalle ka, don haka a tambaya kafin a zauna. Asabar da Lahadi wurin cika yake da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba kowa zai so 'ya'yansa su gani ba. Ranar aiki da sassafe kuwa kusan ku kaɗai ne da masunta.

Maganar sutura, tunda ita aka fi tambayata: babu wanda ya tilasta mini tuɓewa. Wando na sa mai wuce gwiwa da riga mai dogon hannu mai kama jiki, kuma malamin ma ya ce hakan ya fi, domin allon na goge ƙirji da ciki har su yi ja, ga rana. Na ga mata sanye da kayan ninkaya masu rufe jiki duka har kai. Abin da ba ya yiwuwa shi ne shiga da jallabiya ko zani ko hijabi mai yalwa, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Salla kuwa ba ta ba ni wahala ba. Hadisi ya tabbata cewa ruwan teku mai tsarki ne, mushensa halal ne, don haka da shi na yi alwalar Azahar na shimfiɗa darduma a inuwa. Sai dai a tafi da ruwan sha mai yawa, gishirin na sa ƙishirwa, ga shi yana yaji a ido da maƙogwaro.

Ga mutumin Jos da ya saba da sanyin Disamba, ɗumin ruwan zai ba shi mamaki, ba a buƙatar wata rigar sanyi ko kaɗan. Washegari dai kafaɗu da haƙarƙari za su yi tsami, domin yawancin aikin tuƙi ne da hannu, tsayuwar ita ce kaɗan.

Wanda bai iya iyo ba ko kaɗan, shawarata ya fara koya a nan gida kafin ya je, ko da malami zai ce masa ba komai ruwan ba zurfi. Mai ciwon baya ko gwiwa ya tambayi likita. Yara kuma kada a sake su don an ga ruwan a kwance, babba ɗaya ya tsaya a kansu ba ya yin komai sai kallonsu. Lokacin zuwa ga ɗan koyo shi ne rani, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, sa'ad da igiyoyin ke ƙanana kuma iskar safiya ke busowa daga tudu tana gyara musu fuska. Da damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, tekun na ƙara ƙarfi sosai, wannan lokacin na ƙwararru ne. A kuma bar tsibirin tun rana na sama, kada a yarda a hau kwalekwale bayan Magariba.