InfiniBand ko RoCE? Ga abin da na gani da idona

Injiniya, kan tambayarka ta abin da za ka haɗa sabobinka huɗu da shi, InfiniBand ko RoCE (hanyoyi biyu ne na tura bayanai kai tsaye tsakanin ƙwaƙwalwar na'urori; RoCE a kan Ethernet take hawa, InfiniBand kuwa da nata suwic): ɗauki RoCE ka huta.

Ita muke amfani da ita a ɗan ɗakin sabarmu da ke Unguwar Rimi, katin ConnectX-4 a kowace na'ura. Abin da ya sa ta kwanta mini a rai shi ne yadda kanel ɗin Linux ke tafiyar da adireshi. Ranar da muka fara haɗawa, na ba katin adireshin IP kamar kowane katin Ethernet, na leƙa cikin /sys/class/infiniband, sai ga shi kanel ya riga ya ƙera GID, wato adireshin da RoCE ke aiki da shi, daga adireshin IP ɗin ya ajiye a teburin katin. Wallahi shayin da na zuba bai huce ba na'urori biyu suka fara gaisawa. In manhajarka tana bi ta rdma_cm, wato mai ƙulla haɗin a Linux, shi zai nemo hanya, ya samo MAC, wato lambar katin ɗaya na'urar, ta ARP (hanyar tambayo MAC daga IP), ya zaɓi GID ɗin da ya dace. RoCE iri biyu ce, v1 da v2. V2 a kan UDP take hawa, ƙofa ta 4791, don haka tana tsallake rauta. V1 kuwa ba ta tsallakewa.

Sai dai ka kula, kowane adireshi gurbi biyu yake samu a teburin, na v1 da na v2, kuma lambar gurbin tana iya sauyawa in ka cire adireshi ka sa wani. Kada ka rubuta ta da hannu ka manta da ita. Sannan ka zauna ka saita PFC ko ECN, dabarun hana cunkoso da zubewar bayanai, a suwic, can ne gumin yake.

InfiniBand tana da gudu, ban musa ba. Amma ba ta motsi sai da manaja mai raba wa kowace na'ura LID, wato adireshinta a InfiniBand. Na taɓa sayen suwic na hannu marar manaja a ciki, muka ɗora opensm, manhajar da ke yin aikin manajan, a na'ura ɗaya. Aka ɗauke wuta, janareto ya tashi, ita wannan na'urar ta ƙi tashi, sauran duka suka tsaya a Initializing har la'asar. Ga IPoIB, wato IP a kan InfiniBand, da adireshinta mai bayit 20, ba ta shiga gadar Linux (bridge) irin ta Ethernet.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu sayar da katin hannu. Wani ya taɓa miƙo mini katin ConnectX-3 samfurin MCX354A-QCBT yana rantsuwa samfurin FCBT ne, alhali na farkon gigabit 10 a daƙiƙa kawai yake yi a Ethernet, na biyun 40. Kuma ConnectX-3 da ba Pro ba, ba ya yin RoCE v2, ko me mai kaya ya faɗa. Karanta lambar da ke jikin katin, a jona shi a gabanka, ka buga umarnin ibv_devinfo mai nuna bayanan katin kafin ka tura ko kwabo.

Nemi ConnectX-4 guda huɗu da suwic mai PFC.