Abin da birkin Fijo ya jawo mini a Jamus

'Yan uwa na gida da ke ta tambaya ina labarin motar, ga shi. Shekara biyu ke nan da na sayi Fijo 504 doguwa, ƙirar 1979, a hannun wani manomi a wajen Hambug. Irin wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Kawo da Unguwa Uku, sai dai tasa haɗin Kakuri ce, tawa kuwa daga Faransa ta fito. Da na buɗe ƙofarta na ji ƙamshin kujerun nan, ban ma iya yin ciniki ba.

Ƙaramar 504 ta asali da ta fito a 1968 birkin faifai gare ta gaba da baya, amma doguwar birkin ganga aka sa mata a baya. Sai na ƙudura zan mayar da nata faifai. Na ƙaramar ba ya hawa, domin gindin motocin biyu ba ɗaya ba ne. Saboda haka ni da wani abokina ɗan Damagaram muka samo faifai da kalifa (ƙarfen da ke matse faifan) na wata mota, ya yanka ƙarfe ya yi wa mazauninsu walda, muka ɗaura, muka fitar da iska, na taka na ji ya kama. A gida an gama aiki ke nan.

A nan kuwa duk bayan shekara biyu sai an kai mota an duba lafiyarta. Na je da ɗana mai shekara 14, don Jamusancinsa ya fi nawa. Jami'in ya hau da motar kan wasu gammo biyu na ƙarfe masu juya taya, ya taka birki, allo ya nuna ƙarfin kowace ƙafa daban. Doka ba ta yarda bambancin dama da hagu ya wuce kashi 25 cikin 100 ba. Na baya sun wuce nesa ba kusa ba. Ya ja birkin hannu, allurar da ƙyar ta motsa. Sai ya sauka rami da tocila. Ya daɗe a ƙasa. Da ya fito bai dube ni ba, sai ya dubi yaron, ya nuna waldar da bakin biro ya ce a tambaye ni wa ya yi wannan, kuma ina takardarta.

Wace takarda? Ashe duk wanda ya sauya wani abu a birki sai ya zo da shaidar cewa an gwada kayan a kan irin wannan motar, ko kuma injiniya ya duba aikin shi kaɗai ya sa hannu, a shigar da shi cikin takardun mota. In babu, izinin hawa titi na motar ya faɗi. Bakina ya suɓuce, na ce a taimaka. Ɗana ya yi shiru, ya ƙi fassarawa. Mutumin ya ɗaga murya yadda duk masu jiran layi za su ji, ya ce ko da wannan nake niyyar ɗaukar yaron? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya ya faɗa, amma da ya ja ni gefe da bai rage komai ba. Mutanen nan ba su san a saya wa babba a gaban ɗansa ba. Har muka iso gida a bas, ni da yaron babu wanda ya ce uffan.

Na kwana uku ina huci. Sannan na shiga neman gareji, nan ma wani ciwon kan. Ka buga waya a ce ka zo bayan mako uku. Awa ɗaya ta makaniki ta haura Yuro 100, ko noti ɗaya ya kwance ana lissafi. Ba ka isa ka juye baƙin mai a bakin titi ba, ranar Lahadi kuwa ka buga guduma maƙwabci ya leƙo. Gareji biyu suna jin an taɓa birki da walda suka ce ba za su sa hannu ba. A ranakun nan na yi kewar Panteka da Ƙofar Ruwa, inda za ka je da ƙarfe a hannu, yaro ya kalle shi sau ɗaya ya ruga ya kawo maka ɗan uwansa, maigida ya sa a kawo maka shayi, kafin la'asar kana kan hanya. Wannan basirar tamu babu ita a nan, kowa sai abin da kwamfuta ta gaya masa.

Daga ƙarshe na dace da wani dattijo mai gyaran tsofaffin motocin Faransa. Shi ya zaunar da ni. Ya ce in mota ta ci birki nauyinta gaba yake komawa, don haka ƙafafun gaba ne ke yin mafi yawan aikin. In na baya suka riga na gaba ƙamewa, gindin motar ne zai juyo, direba ba shi da ta cewa. Shi ya sa akwai bawul mai daidaita man da ke zuwa baya, kuma da ganga aka auna shi. Ka sauya zuwa faifai, lissafin ya rushe: sai an sake duba bawul ɗin, da famfon birki, da yadda birkin hannu zai kama. Ya ɗora abin awo a kan waldarmu, ya nuna mini mazaunin hagu ya karkace, fad ɗin, wato abin da ke goga faifan, gefe ɗaya kawai ke ci. Ya ƙara da cewa lamba mai harafin H da nake nema, wadda tun 1997 ake bai wa motar da ta kai shekara 30, harajinta Yuro 191.73 a shekara, tana son mota yadda take, ko da gyaran da ya dace da zamaninta.

Ya tambaye ni gangunan suna nan? Suna nan. Ya auna cikinsu, ya ce ba su cinye ba tukuna. Ya buɗe wani tsohon kundi ya ciro lamba, kwana biyu sai ga layinin sabo, wato abin da ke goga cikin ganga, da silinda biyu, da robobi, a kwali daga Faransa, kowanne ya zauna daram ba a goga ba a daka. Ya zubar da tsohon man birki, ya ce man yana shan ruwa daga iska, in ya yi zafi sai ya tafasa ƙafa ta nutse, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu.

A nan ne jikina ya yi sanyi, don na tuna abin da na gani da idona a tashoshinmu. Man birki ya ƙare a zuba ruwan omo. Bututun baya na yoyo a toshe shi da ƙusa, a loda mutum tara da buhuna a kama hanyar Zariya da birkin gaba kawai. Layinin ya cinye har ƙarfe na kuka, direba ya ce bari a yi sahu ɗaya tukuna. In ta faru mu ce birki ya tsinke, tsautsayi ne. Ba haka kawai ya tsinke ba, an daɗe ana jin sa. Masu duba motoci a hanya kuma takarda suke kallo, ban taɓa ganin wanda ya leƙa ƙarƙashin mota ba.

Na koma wurin binciken da gangunan Fijo na asali, ɗana na gefena. Allurai biyu suka tashi tare, birkin hannu ya riƙe. An manna mini shaida a lambar baya.

Faifan da kalifan suna ɗakin ajiya a ƙasa. Ƙanena ya ce in sa masa su a kwantena, akwai mai 504 a Tudun Wada da zai ɗaura. Na ce a'a, na aika masa kuɗin layinin da man birki galan guda.