Ambarela ko kamfanin kanka? Amsa ga ɗan'uwa mai sabuwar kwangila a Birtaniya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka buɗe kamfaninka ko ka shiga ƙarƙashin kamfanin ambarela, wato kamfanin da zai ɗauke ka a matsayin ma'aikacinsa, ya karɓi kuɗin kwangilar, ya cire haraji, ya biya ka albashi. Tunda ka ce takardar SDS, wato hukuncin matsayinka na haraji da kamfanin da za ka yi wa aiki ya ba ka, ta sa ka cikin IR35 (dokar da ke sa ɗan kwangila biyan haraji kamar ma'aikaci mai albashi), ka tafi ambarela kawai.

Ni ambarela ce ta rufa min asiri lokacin da nake neman wa maiɗakina biza. Takardun albashi na wata shida aka nema, kuma ga su a jere, kowane wata an cire haraji da inshorar ƙasa an miƙa wa HMRC, hukumar harajin Birtaniya. Har yau ina tuna daren da na tura takardun, na kwanta hankalina kwance. Gaskiya ne abin da ke shiga aljihu yana raguwa, domin daga kuɗin kwangilar ake cire kason inshorar mai ɗaukar aiki, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2025, ga kuma ladan ambarelar. Da farko abin ya yi min ciwo, ban ɓoye maka ba.

Kamfanin kai kuwa, na taɓa buɗewa. Da Afrilun 2021 ta zo, doka ta ɗora wa manya da matsakaitan kamfanoni yanke hukuncin matsayin ɗan kwangila, aka sa ni cikin IR35, na yi ta biyan akanta a banza har na rufe kamfanin. Yana da amfani ga wanda ke wajen IR35 da gaske, wato shi ke tsara yadda zai yi aikinsa kuma yana iya tura wani a madadinsa. In kana ganin haka aikinka yake, ka rubuta ƙorafi ga waɗanda suka ba ka takardar SDS ɗin, dole su amsa cikin kwana 45.

Abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi damuna: wasu masu kiran kansu kamfanonin ambarela za su yi ta kiranka a waya suna cewa za ka tashi da kashi 85 ko 90 na kuɗinka. Don Allah kada ka saurara. Albashi kaɗan suke rubutawa, sauran su kira shi rance don kauce wa haraji. Da HMRC ta waiwayi masu irin wannan rancen a 2019, ma'aikatan ta bi da bashin shekaru, wasu har gidajensu suka sayar.

Kafin ka sa hannu, ka duba rajistar kamfanin ambarelar a Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ko sunansa na cikin jerin masu dabarun kauce wa haraji da HMRC ke wallafawa, sannan ka nemi ejansin da ta samo maka aikin ta ba ka takardar KID mai nuna duk abin da za a cire. Bayan albashin farko, shiga asusunka na haraji a intanet ka ga ko abin da ke takardar albashi shi ne ya isa can.