Mun tashi daga Unguwar Dosa zuwa Rigasa, ya za a yi da makarantar yara?

Masu shirin canja unguwa a Kaduna, kafin ku biya kuɗin haya ku zauna ku yi lissafin makarantar yara, ni sai da muka kwashe kaya sannan abin ya faɗo min.

Farko mun ce su ci gaba da tsohuwar makarantarsu, bas ɗin makaranta ta riƙa ɗaukarsu. To fa sai ka tambaya ko tana zuwa unguwarku ma, da yawa ba sa tsallaka baifas, in kuma sun yarda ɗanka ne farkon ɗauka shi ne ƙarshen saukewa, ƙaramar tawa ƙarfe 6 take fita da biredi a hannu tana gyangyaɗi, ta dawo Islamiyyar ƙarfe 4 har an shiga aji. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin bas ya zama kamar wani kuɗin makarantar daban.

Sai ɗan Keke na wata-wata. Ya fi sauƙi in kun haɗa da maƙwabta, amma ranar da kekensa ya lalace ko aka tashi da ruwan Agusta kai ne za ka bar aiki, ga tireloli a kan baifas ɗin nan, gaskiya hankalina bai taɓa kwanciya ba. Kai su da kanka kuwa sai in hanyar aikinka ce.

Canja makaranta shi ma ba kyauta ba ne, fom, sabon yunifom, littattafai daban, wani lokacin su yi wa yaro gwaji su ce sai ya maimaita aji. Ku bari sai Satumba farkon shekarar karatu, kar ku cire yaro a tsakiyar zango, kuma ku karɓo sakamakonsa da takardar canjin makaranta tun da wuri.

Amma wanda ke SS2 ko SS3 kar ku taɓa shi, makarantarsa ce ke tura makinsa na aji wa WAEC, shi ma ɗan JSS3 ku bar shi inda yake. Namu babban mun bar shi wajen Gwaggonsa a Kawo, Juma'a ya dawo gida, ƙananan biyu kuma muka sa su a wata nan bayan layinmu, da ƙafa suke zuwa.